Yankan da ke Fuskar Baba

Tabon da ke saman girar yayana ni na yi masa shi, da na'urar karanta faifai, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Har yau in ya ɗaure fuska tabon ne ke fara motsi. Ba mu taɓa zama mun yi maganar ba, kuma ban ga alamar za mu yi ba.

A lokacin ina da ɗan shago a kasuwar Arlit, ina tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a waya. Aikin ba wuya: ka sa faifai a lektar, wato na'urar da ke karanta shi, ka kwashe abin da ke ciki zuwa ordinater, wato kwamfuta, ka matse shi ya ƙanƙance yadda waya za ta ɗauka, sannan ka goge babban kwafin nan take. Duk 'yan layinmu haka muke yi, don cikin ordinater ɗinmu bai da faɗi. Hannuna ya saba da gogewar nan har ba ya jiran izinina.

Baba daga Maradi ya zo, ya ƙarar da ƙarfinsa yana gyaran manyan motoci a ma'adinai. Mutum ne da ba ya zama. Yana cin tuwo yana miƙewa, yana magana yana juya kai, hannuwansa kullum a sama kamar mai korar ƙuda. Ranar da ya ajiye aiki abokansa suka yi masa walima, suka ɗauko mai kamara daga Agadez. Mutumin ya ba mu faifai guda ɗaya tak, irin mai shuɗin cikin nan na hoto garau, wanda babu na'urar da ke iya karanta shi a gidanmu. Inna ta naɗe shi a ɗankwali ta sa a ƙasan akwati. Yana nan a ajiye har Baba ya rasu. Mai kamarar kuma ya tsallaka Libiya tuntuni, ba wanda ya san inda yake. In ban da faifan nan, babu wani wuri a duniya da Baba ke motsi.

Yaya direban tankar ruwa ne, yana kai ruwa Cibarakaten wurin masu haƙar zinariya, kuma ya fi yarda da hannunsa a kan bakinsa. Bayan an yi arba'in ya sayo babbar tele, wato talabijin, da wani ɗan akwati da ke jawo hoto daga ordinater ta wifi. Ya ce mini, "Kai mai sana'ar banza, yau ga ranarka. Sa Baba a ciki, duk lokacin da Inna ta so ta danna ta gan shi."

Na aro lektar mai karanta irin faifan a hannun wani abokina a Akokan. Na kwashe, na matse, na goge babban. Na duba farkon kawai, inda aka nuna rumfa da kujeru ba kowa, na ga tas, na rufe.

Da la'asar muka zauna a ɗakin Inna. Aka nuna rumfa, aka nuna baƙi a zaune, sai ga Baba ya shigo da baƙar rigarsa. Yana juya kai fuskar ta tsattsage, ta koma siraran layuka kamar haƙoran matsefi, rabi sun yi gabas rabi sun yi yamma. Ya ɗaga hannu, yatsun suka zama goma. Rigar kuwa sai 'yan akwatuna baƙaƙe ke tafasa a jikinta. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wa ya yayyanka shi haka?"

Ban ga tasowar Yaya ba, ƙarar marin kawai na ji a cikin kunnena. Ya ce, "Uban namu za ka yi wa wasa da fuska?" Na haɗiye, don a gaban Inna ne.

Washegari na sake sa faifan. Na ce matsewar ce ta yi yawa, sai na ƙara wa kwafin nauyi ninki uku. Akwatunan rigar suka ɓace, baƙin ya kwanta lafiya, amma yankan fuskar yana nan daram. Na canja igiya, na canja tele, na gwada a waya. Duk inda Baba ya motsa sai ya yayyanke, shi kuwa ba ya daina motsi. Da na koma neman babban kwafin don in gwada wata hanya, sai na tarar hannuna ya riga ya goge shi. Na zagi kaina da babbar murya har maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo.

Abokina na Akokan ne ya warware mini a waya. Ya ce irin kamarar nan kowane hoto kashi biyu take ɗaukar sa, layi ɗaya yanzu, na kusa da shi bayan ƙiftawar ido. Tsohuwar tele ta san yadda ake saƙa su, amma in za ka matse dole ka danna wani ɗan gida a cikin manhajar, ya haɗe layukan tukuna. Ya ce, "In ka riga ka ƙanƙanta hoton ba ka danna ba, yankan ya dahu a ciki, ba mai fitar da shi. Koma kan faifan." Na duba, ga ɗan gidan nan a gabana, shekara nawa ina tsallake shi.

Ranar Juma'a aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a kasuwa, sai na kwaso kayan na zo gida, na shimfiɗa tabarma a zaure. Na sa faifan, ya fara juyawa, na danna ɗan gidan. A ɗan tagar gwaji na ga Baba ya juya kai, fuskarsa lafiya lau, har da gibin haƙorinsa. Wallahi sai da hawaye ya zo mini. Saura kawai a gama kwashewa, abin da bai fi rabin awa ba.

A nan Yaya ya shigo da dardumarsa a kafaɗa. Ya ji kukan lektar, ya tsaya.

"Faifan ne a ciki?"

"Shi ne, Yaya. Na gano matsalar, zo ka gani."

"Sau nawa za ka sa shi? Sai ka cinye shi? Fito da shi."

"Ka ba ni rabin awa."

"Na ce fito da shi!"

Ya kai hannu, na buge hannun. Abin da ban taɓa yi ba ke nan tun da aka haife ni. Ya shaƙo wuyan rigata ya ɗaga ni ya maka da bango, ƙeyata ta bugu har na ga wuta. Ya kai mini naushi a baki, na ji haƙori ya motsa, jini ya cika mini harshe. Na cije shi a hannu, ya danna mini gwiwa a ciki, muka zube kan tabarma, buta ta kife. Yana kaina yana duka yana cewa, "Lokacin da Baba ke jinya kana ina? Kana kasuwa kana tura waƙa!" Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta haukata ni. Na laluba da hannu, abin da na fara kamawa na fizgo, igiyarsa ta tsinke, na rafka masa a goshi da duk ƙarfina.

Ya sake ni ya dafe ido, jini na bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga a farar rigarsa ta Juma'a. Sai a lokacin na ga abin da ke hannuna. Murfin lektar ya ɓare, wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki.

Inna na tsaye a bakin ƙofa. Da wuƙar kicin ɗinta na ɓanɓare na'urar. Faifan ya tsage daga ramin tsakiya har baki, wani ɓalli ya fita. Yaya ya zauna a ƙasa, jini na zuba, yana kallon faifan. Maƙwabta ne suka kai shi aka yi masa ɗinki.

Abin da ya rage shi ne kwafi na biyu, mai yankan. Na yi makonni ina fama da shi. Duk maganin da na sa, ko dai yankan ya zauna, ko fuskar ta narke kamar hoton da ruwa ya jiƙa. A ƙarshe na bi shi daƙiƙa-daƙiƙa ina neman inda Baba ya tsaya cik. Wuri ɗaya na samu, lokacin da liman ke addu'a, Baba ya ɗaga tafin hannu ya runtse ido. Bai kai a karanta Fatiha ba ya sake motsawa. Na yanko wannan ɗan guntun, na sa ya riƙa maimaita kansa, na kai wa Inna da safe tana tsintar shinkafa.

Ta ajiye faifan shinkafar ta matso kusa da telen. Ta daɗe tana kallo. Fuskar tas take, ba layi ko ɗaya, ina jiran ta sa mini albarka.

Ta ce, "Cire wannan. Haka fuskarsa take ranar da aka yi masa wanka."

Na ce, "Inna, nan kaɗai ne bai yayyanke ba."

Ta ce, "Ni na zauna da shi, ban taɓa ganin ya tsaya wuri ɗaya ba sai ranar. Sa mini wancan mai yankan."

Na sa mata. Baba ya shigo rumfa, ya juya kai, fuskar ta tsattsage, yatsunsa suka zama goma. Inna ta ja tabarmarta gaba. Shi take kallo har yau, kusan kowace la'asar. In ta kunna, ni da Yaya duk wanda ke gidan tashi yake ya fita.