Maganaɗisun Injin Niƙan Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da injin niƙa a Indabo. A shekarar da na fara koyarwa a sashen lantarki na jami'ar da ke Wudil, ya biyo ta gidanmu wata ranar kasuwa. Muka gaisa, na tambaye shi mutanen gida da damina da gajiyar hanya, shi ma ya tambayi ɗalibaina. Bayan ya sha ruwa sai ya ciro faifan inji daga buhu, a tsage gida biyu. Ya ce ƙusa ce ta biyo masara. Mutane kan shanya hatsi a bakin hanya, in an zo kwashewa a haɗo da ƙusa ko guntuwar waya.

"An ce karatunki na maganaɗisu ne," in ji shi. "Na ɗaura na tsohuwar sifika a mazurari, amma in hatsi ya yi kauri ƙarfen wucewa yake. Ba ki da wata dabara?"

Na ce, "Akwai, Kawu. Ku ba ni mako uku."

Dabarar ba mai wuya ba ce. Za a jera maganaɗisu a ƙarƙashin indararon da hatsi ke bi ya gangara wajen faifai. Abin da ban sani ba shi ne guda nawa za a sa, da tazarar da ta dace a tsakaninsu, yadda ko ƙusa tana can saman hatsi za a janyo ta. Na ƙudura zan gwada a kwamfuta kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Wani abokin aikinmu a sashen injina ne ya zana mini na'urar. Ya girme ni sosai, kowa Injiniya yake ce masa, kuma mutum ne da ba ya barin komai a zane. Kowane noti da kowace wasa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa noti, sai da ya saka. Na karɓi fayil ɗin na shigar da shi manhajar da nake lissafin maganaɗisu da ita.

Kwamfuta ba za ta iya lissafa duniya duka ba. Dole a zana akwatin iska da zai kewaye na'urar, a gaya mata nan lissafi ya tsaya, sannan a faɗi abin da ke faruwa a jikin bangon akwatin. Shi muke kira sharaɗin iyaka. Na bar wanda aka saba, wato layukan maganaɗisu ba sa ƙetare bango. Na danna ta fara lissafi, na je na ɗauki ajin ƙarfe goma, na dawo na tarar da sakamako.

Maganaɗisun sun fito jawur, alamar ƙarfi, amma duk abin da ke kewaye da su shuɗi ne. A saman indararo, inda nake buƙatar jan, sifili. Ban yarda da hoton ba ko na minti ɗaya, domin akwai irin maganaɗisun guda a kan teburina, kuma sau biyu yana fizge mini makullai.

Na fara da kurakuran da na saba kama ɗalibai da su. Na duba ko milimita ta rikiɗe ta zama mita wajen shigarwa, na ga daidai take. Na duba inda kowane maganaɗisu ya fuskanta, shi ma lafiya. Na ninka girman akwatin iskar, na ƙara wa ragar lissafin laushi, wato ƙananan gidajen da kwamfuta ke raba zanen a ciki, aka ɗauke wuta a tsakiya, na sake daga farko. Shuɗin nan bai motsa ba.

A rana ta uku Injiniya ya leƙo ofishina bayan azahar. Ya daɗe yana kallon allon.

"Malama, zanena dai ba shi da matsala," ya ce. "Me zai hana mu kai wa mai walda kawai, mu gwada da hannu?"

"Ban ce zanenka ba ne, Injiniya. Amma in muka ƙera yanzu, cikin duhu muka ƙera. Ka ba ni zuwa jibi."

Ya ɗaga kafaɗa ya fita.

Sai na ajiye babbar na'urar gefe. Na buɗe sabon shafi, na zana maganaɗisu ɗaya tal da hannuna a cikin akwatin iska. Layuka suka fito suka lanƙwasa suka koma, yadda suke a kowane littafin aji ɗaya. Daga nan na ciro maganaɗisu ɗaya daga zanen Injiniya, girmansu ɗaya, na shigar da shi yadda na shigar da babbar na'urar. Shuɗi ya dawo. Nan na tabbata ba lissafin ne ya lalace ba, wajen shigo da zanen ne.

Na buɗe jerin fuskokin da sharaɗin iyaka ya hau kansu. Akwati fuska shida gare shi, don haka shida nake tsammani. Na tarar da jeri mai tsawon da sai da na yi ta gangarawa. Da na shigo da zanen, manhajar ta ɗauki kowane yanki a matsayin abu mai zaman kansa, ba ta san cewa maganaɗisu na taɓa iska ba, ko iska na taɓa ƙarfe. Duk fuskar da ba ta ga maƙwabcinta ba sai ta lissafa ta a bangon waje, ta ɗora mata dokar hana ƙetarewa. Kowane maganaɗisu an kulle shi a cikin jikinsa.

Gyaran shi ne a umarce ta ta haɗe yankunan su zama jiki ɗaya mai fuskokin ciki. Na gwada, ta ƙi. Haƙoran notocin suna cin jikin ramukansu kaɗan, ga kuma siririyar tazara da Injiniya ya bari don kayan su shiga juna ba tare da guduma ba. Na tafi ofishinsa na roƙe shi ya fitar mini da wani zanen, ba noti, ba wasa, ba tazara.

"Na'ura ba noti?" ya ce. "Me zai riƙe ta?"

"Na mai walda yana nan yadda ka zana shi. Wannan na kwamfuta ne, ita ba ta jijjiga."

Ya yi dariya, ya zauna ya yi mini a take.

Da na shigar da sabon, jerin ya koma fuska shida, layuka suka fito. Amma ba su hau sama ba. Suna fita daga maganaɗisu sai su shige jikin indararon su bi shi a kwance, kaɗan ne ke isa inda hatsi zai wuce. Na duba abin da aka rubuta za a yi indararon da shi: farantin baƙin ƙarfe. Ƙarfen ne ke shanye jan. Da mun bi ta wajen mai walda tun farko, da mun kai wa Kawu abin da bai fi na sifikarsa ba.

Na kira Injiniya ya gani da idonsa. Bai yi musu ba. Ya ce, "A mai da shi alminiyam," na canza, ja ya haura sama da kusan yatsu biyu. Na ci gaba da faɗaɗa akwatin iskar har sakamakon ya daina sauyawa, domin in bango ya matso kusa yana matse layukan ya ba da amsar ƙarya. Na kuma ari ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje na auna maganaɗisun teburina, na kwatanta da na kwamfuta. Sun yi kusa ƙwarai. Maganaɗisu guda shida suka isa, ba goma da muka zana ba.

Mai walda ya ƙera na'urar, muka kai ta Indabo a mako na huɗu, na ba Kawu haƙuri kan jinkirin. Muka ɗaura ta, na jefa ƙusa uku cikin kwanon dawa da gangan, aka tayar da inji. Duk ukun suka maƙale a indararo, gari ya fita sumul. Matan da ke layin niƙa suka matso suna leƙe, wata ta tambaya ko zai kama tsakuwa. Na ce mata a'a, wannan sai dai a ci gaba da tsincewa.

Bayan kwana goma Kawu ya kira ni a waya. Ya lissafa mini abin da ya kama: ƙusoshi, allura, ƙarfen ɗaurin buhu, har da guntun lauje. Sannan ya ce akwai ƙorafi. Garin ƙarfe na mannewa sosai, sai ya kashe inji ya yi ta kankarewa da wuƙa, masu niƙa suna jira.

Na ce za mu sa maganaɗisun a kan abin da ake zarowa kamar aljihun tebur, in an zaro sai ƙarfen ya zube da kansa. Da safe na kai wa Injiniya maganar. Kafin la'asar ya turo mini fayil biyu, ɗaya da notoci, ɗaya babu.