Tuwo da Hannun Hagu

A shekarar da injin matse rake ya cinye hannun mahaifina na dama, na gane ba kowane mai zuwa dubiya ne ke zuwa don mara lafiya ba. Wasu kallo ke kawo su. Wasu kuma wa'azi ne ya daɗe yana yi musu nauyi a ciki, suna neman inda za su sauke.

Mu Hausawa ne Kiristoci, ƙauyenmu na tsakanin Ikara da Makarfi. Kakanmu Bamaguje ne, sai da ya yi furfura ya karɓi bishara. Baba kuwa mazarƙwaila yake yi tun yana saurayi. Ranar da abin ya faru yana tura rake ne, inji ya kama hannun, kafin a kashe ya ja har kusa da gwiwar hannu. A wani asibiti a Zariya aka yanke abin da ya rage. Lokacin ina ɗinki a Ikara, sai na rufe shago na koma gida taya Inna jinya.

Da aka sallamo shi, gidanmu ya zama kasuwa. Mace za ta durƙusa ta jero gaisuwa, baki na cewa Allah ya san dalili, ido na kan bandeji. Wata har ta ja ni gefe tana raɗa, wai ina aka binne hannun? Wani dattijo ya zauna ya ba Baba labarin wani mutumin Likoro da aka yanke wa ƙafa, wurin ya ruɓe, bai ga damina ba. Ya gama, ya sha kununmu, ya yi mana fatan alheri.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Babban ya zo ne a motar yayana.

Yaya yana aiki a Kaduna, kuma tun da ya shiga wani sabon coci can, cocin ƙauyenmu ya zama abin tausayi a wurinsa. Mu, in ji shi, addu'armu ba ta da wuta. Ya iso da wani mutum mai farar kwat da takalmi mai tsini kamar bakin zalɓe, yana kiransa bawan Allah. Bawan Allah ba ya jin Hausa, don haka da tafintansa ya zo. Bai gaida Baba ba. Ya tsaya tsakar gida ya rufe ido, ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska, alhali ba abin da ke tashi a wurin sai warin turken awaki.

Tafinta ya ce, "Bawan Allah ya ga wani abu. Kakanku ya binne tsafi a gidan nan, shi ke neman jini."

Na ce, "Yaya, kai ka gaya masa kakanmu Bamaguje ne, ko shi ma gani ya yi?"

"Ke, rufe mana baki," in ji Yaya.

Aka kira samari da diga da shebur. Bawan Allah na nuni da tsinin takalmi, su suna haƙa, yana yayyafa man zaitun yana ihu da Turanci har kajinmu suka tsallake danga. Sun haƙa gindin tsamiya, sun haƙa bayan rumbu. Baba na zaune a tabarma, ya rufe dungun hannun da mayafi. Rana ta take sosai sannan diga ta bugi ƙarfe. Aka zaro wata tsohuwar fartanya da tsatsa ta cinye, ƙotar ta daɗe da zama ƙasa. Bawan Allah ya ɗaga ta sama, gumi na zuba, tafinta ya ce ga shi nan, ƙarfe ne ya kira ƙarfe.

Inna ta leƙo daga madafa, ta dube ta da kyau. Ta ce, "La, fartanyata! Tun ina goyon wannan nake nemanta." Ta nuna Yaya da muciya.

Tafinta dai bai fassara wannan ba. Suka tafi da fartanyar a leda, da zakaranmu, da mazarƙwaila cike da bayan mota, suka bar mana ramuka.

Duk cikin masu hangen abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya ga abin da ke gabansa. Baba ya daina cin abinci. Koko kawai yake kurɓa, yana ta ramewa har wuyansa ya zama kamar na tulu. In Inna ta ajiye tuwo, sai ya kau da kai.

Ta ce, "Malam, ko loma ɗaya."

"Da wane hannu? Da wanda nake tsarki?"

Ta kawo cokali, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Ta yanko za ta ba shi a baki, ya ce bai koma jariri ba tukuna. Mutumin da ya yi shekaru yana bugun hannun duk yaron da ya miƙo hagu cikin kwano, yau ba shi da sai hagun. Coci ma ya daina zuwa, don kada a miƙo masa hannu a ƙofa.

Ni kuwa na yi fushi da kowa, har da Allah. In Inna ta durƙusa yin addu'a da safe, sai in ɗauki tsintsiya in fita. Ina ganin in dai irin mai farar kwat ne ma'aikatansa, to ba ni da abin da zan ce wa maigidansu.

Akwai wani tsaran Baba, dattijo a cocinmu, tare suka yi kiwon awaki suna yara. Bai zo ba duk lokacin nan, yana Kudan yana fama da nasa ciwon ƙafa a gidan 'yarsa, amma masu tsegumi sun riga sun yanke masa hukunci, wai abota ta ƙare da hannu. Wata rana da tsakar rana ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofarmu. Ya shigo yana ɗingishi, ya zauna a tabarmar Baba. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, gona, zafi. Bai tambayi hannu ba.

Ya ce da ni, "'Yata, yunwa nake ji. Me kuka tuƙa?"

Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa ɗanya. Na kawo na ajiye a tsakaninsu, na kawo ruwa. Sai ya tura hannunsa na dama cikin aljihu, ya wanke na hagu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ubangiji Yesu, ga mu, ga abinci. Mun gode." Shi ke nan addu'ar.

Ya kai hagu ya yanko. Lomar ta suɓuce ta faɗa cikin miya. Ya kamo ta, yauƙi ya biyo har gemu, ya ɗiga a gaban riga. Ya sake yankowa.

Baba ya ce, "Kai, me kake yi haka?"

"Ci nake."

"Da hagu? A gidana?"

"Wanda ya yi dama ai shi ya yi hagu. Ka taɓa jin inda Yesu ya tashi mutum daga kan akushi saboda hannu? Ni ban ji ba, kuma na girme ka a karatu."

"Ƙarya kake, tare aka yi mana baftisma."

"To ci, kafin in cinye."

Baba ya daɗe yana kallonsa yana kokawa da kuɓewa. Sai na ji wani sauti da na manta da shi: dariyar Baba. Ya ce, "Tun muna yara kai ƙazami ne." Ya miƙo mini hagunsa, na zuba ruwa. Na koma bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba a asibiti, kuma a nan na ji bakina na cewa na gode, ba tare da na shirya ba.

Kullum da rana sai dattijon ya zo, damansa a aljihu, har ruwa ya sauka. Ranar Lahadin da Baba ya koma sujada an yi jibin Ubangiji, inda ake bin layi a karɓi gurasa. Ya miƙa hagu a gaban kowa ya karɓi gurasar. Wasu mata suka zunguri juna. Na bar su da zungurinsu, na tashi na bi layi.

Da Yaya ya ji Baba ya murmure, ya kira ni a waya yana murna, wai na ga aikin bawan Allah? Har an ba da shaida a cocinsu, an tafa. Na ce ya gaishe shi.

Dattijon ya rasu bara. Da aka zo ɗaukar akwatin, Baba ya kama kusurwa ɗaya da hannunsa. Samari suka matso za su karɓe shi, ya ce su ba shi wuri. Haka ya riƙe har bakin kabari.