Gwiwar Hagu Ko ta Dama?

In na ce muku na taɓa zuwa wajen mai ɗori da lafiyayyar gwiwa, na dawo gida ana ɗauke da ni, za ku ce ƙarya nake shararawa kamar yadda na saba. To wallahi wannan karon gaskiya ce, kuma har in mutu ba zan manta ba.

Lokacin dashen albasa ne a ƙauyenmu, Kashin Zama. Wanda ya san aikin ya san durƙuso ne cikin laka tun safe har la'asar. Ni kuwa ranar Asabar muna da ƙwallo a Jega, kuma ni ne gola. Sai na fara ɗingishi tun Alhamis, ina nishi kamar saniya mai naƙuda. Tunanina Baba zai ce in kwanta, Asabar in sulale.

Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Hau babur. Aliero za mu."

Kun san Aliero da ɗori. Muka tarar da wani dattijo, hannuwansa kamar taɓarya, ya gama ɗaure wa wani ƙato ƙafa, ƙaton yana kiran uwarsa.

"Ɗana, ka ji ta yi ƙara sa'ad da ka faɗi?" in ji dattijon. Na ce ƙwarai. "Ta kumbura?" Na ce sosai. "Tana ƙagewa in za ka miƙe?" Na ce kullum. Da ya ce tana magana da dare, da na ce har waƙa take yi.

"To miƙo ta."

Na miƙa ta dama.

Baba ya yi gyaran murya. "Kai, tun jiya da hagu kaka ɗingishi."

"Ciwon yawo yake yi, Baba."

Dattijon ko murmushi bai yi ba. "Allah sarki. Irin wanga mai yawo, sai an ja su duka biyu. Ku riƙe mani shi."

Kafin ya rufe baki na kai ƙofar zaure. Gurgun da aka kawo a babur ya wuce kamar iska! Na zo tsallake kwata, ƙafa ta zame, na ji ɗas a gwiwar hagu. Na zube, ina ihu na gaskiya, Baba na cewa, "Tashi, wasan ya isa haka."

Dattijon ne ya cece ni. Ya tsuguna, ya taɓa ta a hankali, ta riga ta fara hawa kamar kabewa. Ya ce, "Alhaji, wanga ba ƙarya ba ne, kuma ba ƙashi ba ne. Jijiya ce. Ba ni janta, ku kai shi asibiti."

Likita ya duba, ya naɗe ta, ya ce a dinga ɗora ƙanƙara, in ɗaga ta kan filo, kada in taka sai kumburi ya sauka. Ƙwallo kuwa sai bayan watanni. Tun daga nan na gane tambayar mai magani ba hira ba ce. Da dattijon ya yarda da amsoshina, ko bai yarda da ihuna ba, da yau da sanda nake ba ku labarin nan.

Washegari ina miƙe a tabarma, ina jin daɗin hutun da na saya da tsada, Baba ya dire mini buhun gyaɗa, ya ce in ɓare.

"Haba Baba, likita ya ce in huta!"

"Gwiwa yac ce ta huta. Hannuwanka kuma mi yas same su, ko ciwon ya yi yawo can?"