Maganaɗisun Fons

A garinmu Oostdonk, idan ruwan kaka ya jiƙa gonaki har ƙasa ta koma kunu, masu hankali sukan rufe ƙofa su zauna kusa da murhu. Sauranmu kuwa mukan fita tseren keke cikin laka. Inda keke ya ƙi tafiya, sai mutum ya sauka ya saɓa shi a kafaɗa ya ruga da shi, 'yan kallo na tsaye da kofin giya suna zaginsa cikin ƙauna. A wannan harka ta wahalar da kai, babu wanda ya kai Fons Verhulst daɗewa.

Fons ma'aikacin gidan waya ne, a kan keke ya yi ta rabon wasiƙu har ya yi ritaya. Tun yana saurayi yake shiga tseren garin, kuma a iya sanina bai taɓa wuce kowa ba sai wanda ya faɗi ya karye. Kullum shi ne na ƙarshe, har masu naɗe igiyar fili sukan jira ya wuce kafin su kama aiki. Wannan bai rage masa baki ko kaɗan ba. Ƙafar ce dai ba ta da ƙarfi, amma harshen, sai dai Allah ya kiyaye.

Abin da ya yi suna a kai shi ne fok, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba. Da aka fara kawo na kabon mara nauyi, Fons ya ɗauki abin kamar an zagi ubansa. Roba yake ce masa. Ya samo wani ɗan maganaɗisu ya rataya a jikin makullansa, duk keken da aka jingine a ƙofar mashayar Zulma sai ya je ya manna masa. In ya kama, ƙarfe ne, sai ya jinjina wa mai keken. In ya faɗi ƙasa, sai ya leƙa ciki ya kware baki: "Jama'a, ga wani ɗan roba ya iso!" Kuma ɗan roba shi ke sayen giyar kowa. Ba a san wanda ya kafa dokar ba, amma dai ba a taɓa ganin Fons ya sa hannu a aljihu ba.

Wanda ya fi kowa shan wuyarsa shi ne Lowie Claes, mahaucin garin, abokinsa tun suna firamare, wanda tsautsayi ya sa ya zama na farko da ya sayi kabon. Shekara da shekaru Fons na manna masa maganaɗisu duk ranar Lahadi, kamar yana tsammanin fok ɗin zai tuba cikin mako.

To, bara sai kafaɗar Fons ta dama ta ce ta gaji. Aka yi masa aiki, likita ya ce a daina saɓa mata kaya mai nauyi. Fons ya ji, ya watsar tun kafin ya fita ƙofar asibiti. Amma matarsa Magda tana wurin, ita kuwa kunnenta ba ya yoyo.

"Ga sharaɗina," in ji ta. "Duk keken da ba zan iya ɗagawa da hannu ɗaya ba, ba zai fita daga gidan nan ba. Ka zauna a taga ka yi kallo kamar sauran tsofaffi."

Maganar tagar nan ita ta tsorata shi, tsoro na gaske. Ya san tsofaffin taga, shekaru ya yi yana miƙa musu wasiƙu. Gara ya mutu a cikin laka da ya zama ɗaya daga cikinsu. Sai ya tafi wurin Griet, wadda ta gaji shagon ƙera keke daga mahaifinta, ya ce ta ƙera masa firam, wato gangar jikin keke, daidai jikinsa, da bututun ƙarfe mafi siranta da take da shi.

Ranar da firam ya kammala, Magda ta biyo shi shagon da jakarta a hammata. Griet ta ajiye fok biyu a kan tebur.

"To Kawu Fons, saura zaɓi. Ga na ƙarfe, ga na kabon."

"Wannan har tambaya ce? Kawar min da robar nan kafin zuciyata ta tashi."

Griet ta ɗaura na ƙarfen, ta sa tayoyi. Magda ta ajiye jaka, ta kama sandar sama da hannu ɗaya ta yunƙura. Tayar baya ta tashi, ta gaba ko motsi ba ta yi ba.

"Bai tashi ba," in ji ta.

"Ai ba ki yi niyya ba ne! Ke da kike sauke tukunyar miyar coci ke kaɗai?"

"Tukunyar miya ba ta taɓa kwantar da ni a asibiti ba. Griet, 'yata, sa ɗayan."

Aka sa ɗayan. Magda ta ɗaga keken cak, har ta ɗan jijjiga shi don cin fuska, ta ajiye, ta ɗauki jakarta ta ce tana jiransa a mota.

Fons ya daɗe yana kallon fok ɗin. Kunya ta kama shi tun kafin kowa ya ji labari. Can ya yi ƙasa da murya.

"'Yar nan, robar nan tana kama fenti?"

"Tana kamawa, Kawu."

"To ki nemo mai siraran ƙafafu, ki shafa masa kore irin na firam. Kuma in maganar nan ta fita..."

"Wace magana? Ni ban ji komai ba."

Ranar tsere gari ya cika, ƙamshin soyayyen dankali ya gauraye da warin takin gona. Fons ya turo sabon kekensa, kore shar tun daga gaba har baya, mutane suka yanyame shi. Ya bar makullansa can ƙasan aljihu yana fatan kowa ya manta. Ina! Sai ga Lowie ya ratso taro yana goge hannu a riga, ya miƙo tafin hannu.

"Kawo makullan, tsoho. Sabon keke ai sai an gwada, ko dokar ta mutu ne?"

Fons ya zaro makullan. Ya duba hagu, ya duba dama, babu hanyar gudu, ga shi dama gudun ba fanninsa ba ne. Ya miƙa.

Lowie ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora maganaɗisun a ƙafar fok, ya danne da babban yatsansa mai kauri. Fons ya rufe ido yana jiran ƙarar makullai a ƙasa, da ihun da shi kansa ya koya wa garin.

"Ya kama," in ji Lowie.

Wani daga baya ya ce, "Saki mu gani mana!"

Lowie ya waiwaya, yatsa na nan a danne. "Kai rufe mana baki! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina shayar da ku saboda abin nan, ni za ka koya wa yadda yake kamawa?"

Aka kwashe da dariya, taro ya watse. Lowie ya zare maganaɗisun daga jikin makullan, ya jefa a aljihunsa, ya matso kusa da kunnen Fons.

"Wannan ya yi ritaya daga yau. Je ka zo na ƙarshenka, ɗan roba."

Aka busa usur. Kafin a kai tudun bayan coci duk an tsere masa, kamar kullum. Ya sauka, ya cije, ya saɓa keken yana jiran zafi ya soke shi. Kafaɗa ta yi shiru. Ya hau tudun yana haki, daɗi ya cika masa ciki har hawaye suka zubo, sai dai lakar fuskarsa ta rufa masa asiri. Shi ya zo na ƙarshe, masu igiya sun jira shi.

Da yamma aka hallara a mashaya. Fons ya shigo, laka har cikin kunne, ya tsaya a gaban kanta ya yi gyaran murya.

"Zulma, zuba wa kowa. Ni zan biya."

Tunda aka gina mashayar ba a taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba, amma ko mutum ɗaya bai tambayi dalili ba. A nan ya gane babu wanda bai san sirrin fok ɗinsa ba. Lowie ya ɗaga kofinsa, fuska ba alamar dariya.

"Allah ya ja kwanan ƙarfe," in ji shi.