Gwajin Fitsarin Baba

Jama'a, fitsarin Baba na kai gwaji, ashe kaina na kai.

Baba ya rame, tururuwa na bin fitsarinsa, amma ya rantse Nasara ba zai taɓa shi ba. Yau likita Bature ya sauka Illela, sai na kai masa a kwalba. Ya ɗiga cikin wani ruwa shuɗi, ya ɗora a wuta. Ruwan ya koma ja.

Tafintansa ya ce, "Ciwon sukari ne, malam. Ba magani."

Na ce ƙarya ne, kowane fitsari haka zai yi. Ya ce in kawo nawa, na mai lafiya shuɗi yake tsayawa.

Na kawo. Ya yi ja. Tafinta ya sunkuyar da kai.

A gida Baba ya ce, "Mi suka gani?"

Na ce, "Ba komi, Baba."