Mai Agogo da Gashin 'Yarsa

Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakanin shagona na kitso da teburinsa na gyaran agogo. Baba Mai Agogo muke ce masa. Siririn mutum ne marar surutu, kullum da ɗan gilashin aiki maƙale a ido ɗaya. Nakan tsokane shi cewa ya gyara agogon kowa a layin nan, amma shi bai taɓa fitowa a kan lokaci ba.

'Yarsa ce ke sa shi latti. Auta yake kiranta, ko da yake ita kaɗai Allah ya ba shi. Tana shekara huɗu zazzaɓi ya tafi da maganarta da ƙarfin hannayenta. Tana shekara tara uwarta ta rasu, komai ya dawo kansa. Duk ya iya, ban da gyaran kai. Gashinta cike yake, ga tauri, kuma da ta hango mataji sai ta sandare, ta yi ta kuka har ta shiɗe.

Wata safiya ya kawo mini ita, kan ya cukurkuɗe.

"Maƙwabciya, aske shi za a yi? Ni dai na rasa yadda zan yi."

Na ce, "Baba, akwai hanyar da babu mataji. A yi mata dada, a bar gashin ya murɗe ya zama igiyoyi."

Da yatsa na tsaga kan gida-gida, ina murza kowane gida a tsakanin tafukana. Ya zuba mini ido kamar yana duba cikin agogo. Bayan mako biyu ya karɓi aikin.

Watannin farko ba kyan gani. Gashin ya yi buzu-buzu, wasu suka warware wajen wanki. Ya zo rai a ɓace, wai ya lalata. Na ce masa haka abin yake, sai an yi wata shida kafin ya kama. Na koya masa ya riƙa raba saiwar don kada su haɗe, kuma in ya wanke ya bari ya bushe ƙayau, in ba haka ba zai yi wari. Duk Asabar yakan zaunar da ita a benci a bakin shago, rana na dukan bayanta, yana bin igiyoyin ɗaya-ɗaya. Saba'in da uku ne, ya san kowace. Ita kuwa sai ta lumshe ido, ta jingina da gwiwarsa.

Ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo, ba ta taɓa son abin ba.

"Yaya, mutane fa cewa suke mahaukaciya ka ajiye."

"To su zo su taje mata," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya, gashin ya sauko har gadon baya. Sai wata rana da hantsi ya faɗi a bakin teburinsa, ɓarin dama ya shanye. Ya yi wata biyu a asibiti, Gwaggo ta ɗauki Auta zuwa gidanta. Gaskiya ta riƙe ta da zuciya ɗaya. Amma takan wanke kan ta ɗaure shi da danshi, har ya soma wari da ƙaiƙayi. Ba wanda ya neme ni. Sai ta kira mai aski, mutum uku suka danne yarinyar, aka aske kan.

Ina ɗakin ranar da aka dawo da shi a keken marasa lafiya. Aka shigo da Auta da hula a kai. Ya daɗe yana kallonta. Ya juya ga Gwaggo, da ƙyar maganarsa ke fita.

"Ina kika kai gashin?"

"Na zubar, Yaya. Wallahi don lafiyarta na yi." Gwaggo ta fashe da kuka.

Bai yi mata faɗa ba. Ya miƙa hannun hagu, wanda ya rage masa, zai taɓa kan 'yarsa. Auta ta goce, ta rufe kai da kafaɗa. Ya mayar da hannun cinyarsa, ya juya fuska bango.

Da gashin ya tsiro kamar gaɓar yatsa, na soma zuwa gidan. Mako biyar Auta ba ta yarda na matso ba. A na shida ta bari ya ɗora mata hannu a goshi, ni kuma ina murzawa ta baya. Goma sha ɗaya muka yi a ranar, ya ƙirga su da leɓe. Ya rasu kafin su kama.

Yanzu mai gyaran waya ne a teburinsa. Auta na wajen Gwaggo, kuma ita ke kawo mini ita duk bayan mako biyu. Ba ta taɓa tayar da abin da ya wuce ba, ni ma haka. Kwanan nan ta ce in nuna mata yadda ake murzawa. Hannunta da nauyi, tana ja da yawa, Auta na ture ta. Sai ta ɗan dakata, ta goge tafinta a zani, ta sake gwadawa.