Naja'atu da Tudun Maƙera

Naja'atu Bashir ma'aikaciyar jinya ce, a Gyadi-Gyadi take zaune da mijinta Haruna, mai sayar da kayan gyaran mota. Dama can ba mai son zama wuri ɗaya ba ce, amma abin ya ƙaru ne tun da aka kwantar da wani tsoho, Malam Ƙasimu na Darmanawa, a ɗakin asibitin da take aiki.

Duk sanda ta zo auna masa jini sai ya ce, "'Yata, in na samu sauƙi ki sa a kai ni Tudun Maƙera, in yi wa kakannina addu'a."

Ta tambayi 'ya'yansa. Babbansu ya ce, "Sista, rikicin tsufa ne. Mu ba mu taɓa jin wurin ba."

Malam Ƙasimu bai tashi ba. Bayan rasuwarsa sunan ya tsaya wa Naja'atu a rai. Ranar hutunta sai ta tari adaidaita, ta shiga lungunan Tarauni tana neman tsofaffi, tana naɗar muryarsu a waya. Suna ɗaya ta fita nema, ta dawo da tuli: Rijiyar Kande, Kududdufin Jaki, Gonar Makafi, duk gidaje da shaguna sun hau kansu. Wannan ya nuna mata gabas, wancan yamma. Wani ya ce ta tambayi wane, ta je ta tarar an yi jana'izarsa makon jiya.

Haruna ya gaji. Ya ce, "Iyayenki suna Gaya. Me ya haɗa ki da maƙeran nan?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. In na zauna sai in ga kamar wani tsohon zai tafi ban ji nasa ba."

Wata mai sayar da daddawa, Inna Hajara, ce ta kai ta Tudun Maƙera. A bayan wani gidan bulo yake: tarin duwatsu jere-jere, ciyawa ta rufe su.

Inna ta ce, "Nan suke kwance. Muna yara ba a bari mu tsallaka."

Leburori har sun fara kwasar duwatsun suna cikon gini. Naja'atu ta wuce gidan mai unguwa ko gida ba ta biya ba. Ya ce ta dawo. Ta yi ta dawowa har ya kira mai gidan bulon, wanda ya rantse bai san kaburbura ba ne, ya kuma ba da bulo aka kewaye abin da ya rage. Rabin wurin kuwa ya riga ya shige ƙarƙashin gini.

Yanzu Hotoro take zarya. Tsofaffin mata biyu ne a can suke gardama kan sunan wata tsohuwar mashayar dabbobi, ɗaya ba ta da lafiya, ɗayar kuma 'yarta na shirin mayar da ita Kaduna.